Abin da Aka Ji a Cikin Dawa

Har aka kira la'asar babu wanda ya yi sallama a ƙofar gidan.

Tun da hantsi Gwaggo Zuwairatu ta share zaure da kanta, ta shimfiɗa sababbin tabarmi biyu, ta jera kwanonin waina da miyar taushe a ɗakinta ta rufe da faifai. Ranar Juma'a ce, ranar da iyayen Rilwanu maza suka ce za su taso daga Batsari da an sauko daga masallaci, su zo Safana neman auren 'yar riƙonta Mahfuza. Kawun Mahfuza da zai karɓe su ya zauna a zaure cikin babbar riga har gumi ya jiƙa masa wuya. Daga baya ya ce bari ya je ya yi salla. Bai dawo ba.

Mahfuza na zaune a bakin gado, sabon lalle a hannunta. Sau goma sha ɗaya ta kira Rilwanu. Wayar na shiga, ba a ɗauka.

Shekara biyu cur aka yi ana jan maganar auren nan, kuma laifinta ɗaya ne a wurin danginsa: 'yar fim ce.

Ita kuwa ba ta san wata sana'a ba. Tana aji uku a sakandare aka sa ta fito a tsohuwa kurma a wasan ƙarshen shekara, ta sa shugabar makaranta dariya har da hawaye. Da ta gama sai ta shiga ƙungiyar Malam Tayyib, masu yawo ƙauye-ƙauye a bayan a-kori-kura suna wasan daɓe a kan rigakafi da tsabtar ruwan sha. Ta yi wasa a dandalin Zakka, ta yi a Babban Duhu, ta yi a tsakiyar kasuwar Batsari rana na dukan kanta, ba lasifika, muryarta kaɗai. Da 'yan bindiga suka tare hanyoyi, wasan ƙauye ya mutu. Malam Tayyib ya koma Kano ya zama darakta, ya tafi da ita.

Ba ta rawa, ba ta waƙa. Fitowar muguwar mace ake ba ta, domin tana da wani irin kallo da in ta yi wa kyamara sai mai kallo ya ji kamar da shi take. Mata na zaginta a gaban talabijin, gobe kuma su nemi ci gaban wasan.

Rilwanu malamin firamare ne a Batsari. Ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Mairo, roƙo har ta gaji, ta ce ta yarda in Mahfuza za ta bar fim da zarar ta ƙarasa wanda take ciki. Mahfuza ta yarda. Ta yi kukan rabuwa da sana'arta ita kaɗai a ɗaki, ba ta bari ya gani ba.

Labule ya ɗaga. Gwaggo ce, wayarta a hannu.

"Mahfuza, mene ne wannan? Yanzu aka turo mini. Duba mini, idona ba ya gani sosai."

Bidiyo ne da bai kai minti ɗaya ba. Ita ce a ciki, da tsohon hijabi, ta raɓe a bayan rumbu tana waige-waige, waya a kunnenta.

"Ya fito," in ji muryarta ƙasa-ƙasa. "Yana gonar bakin rafi, shi kaɗai ne, da shanun huɗa guda biyu. Ku yi sauri kafin mutane su dawo daga kasuwa."

An yanke sunan fim ɗin, an cire kiɗan. A ƙasa an rubuta: "Ga masu sayar da mu nan. 'Yar Safana ce. A tura wa kowa."

"Gwaggo, fim ne. Wanda ya fito ranar Laraba ne. Ni ce na fito a mai kai wa 'yan bindiga rahoto."

"Ni na san fim ne. Wanda aka kashe wa ɗa ya sani?"

A wannan yanki nasu babu sunan da ya kai infoma muni. Wanda aka liƙa wa shi, ba a cika tsayawa jin ta bakinsa ba.

Sai ga sallama a tsakar gida. Mahfuza ta miƙe har gyalenta na faɗuwa. Amma ba Rilwanu ba ne. Armaya'u ne, ɗan ƙanen mijin Gwaggo marigayi, mai shagon tura fina-finai a waya a bakin kasuwar Batsari. Ya sha farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya tambayi jikinta, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, sannan ya juyo.

"Ƙanwata, na ji abin da ya faru, na ce ba zan iya zama ba."

"Kai ka yanka bidiyon nan."

"Subhanallahi! Ni abin da mutane suka nema nake tura musu."

"Ranar Laraba ya fito. Duk Batsari wa ke sauke fim ranar da ya fito in ba kai ba?"

Ya yi murmushi. Ya miƙa hannu ya ɗaga faifan da ke kan kwano, ya ɗauki waina ɗaya ya tsoma a miya.

"Sau uku na aiko gidan nan," ya ce yana taunawa. "Sau uku aka maida ni."

"Cewa na yi ina da wanda nake so."

"To ina yake?"

Ya dubi kwanonin da aka jera, ya dubi lallen hannunta. Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Amma kar ki ce ban yi miki adalci ba. Jiya har gida na je na gaida Inna Mairo. Na ce mata kar ta saurari 'yan gari, wasa ne, ga cikakkensa. Da hannuna na riƙe mata wayar ta kalla tun daga farko. Wurin da aka kashe tsohon nan, sau uku ta sa na mayar mata."

Mahfuza ta ja da baya. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wainar ta yi daɗi, Gwaggo," in ji Armaya'u. "Kar a bari ta lalace."

Ya fita.

Shekara huɗu da suka wuce 'yan bindiga suka kashe Malam Ɗanjummai, mahaifin Rilwanu, a gonarsa ta bakin rafi a Babban Duhu, suka kora shanunsa. Bayan haka iyalin suka tashi suka koma Batsari. Abin da kowa ya sani shi ne Rilwanu ba ya ƙauyen ranar. A Batsari ya kwana, a kasuwa labari ya iske shi da yamma. Haka ya faɗa wa uwarsa, haka ya faɗa wa masu zuwa gaisuwa.

Gaskiyar kuwa mutum ɗaya ya taɓa faɗa wa.

Wata ranar damina ce bara, suna zaune a ƙofar gidan Gwaggo bayan la'asar. Babura uku suka wuce a guje, Rilwanu ya zabura har ya ture kofin ruwan da ke gabansa. Ta tambaye shi ko lafiya. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya ce ta rantse da Allah ba za ta taɓa faɗa ba. Ta rantse.

Ya ce ranar ya dawo da wuri, ya bi ta bayan gari zai taya tsohon aiki. Saura kaɗan ya isa sai ya ji ƙarar babura. Ya faɗa cikin dawa ya kwanta rub da ciki. Tsakaninsa da ubansa bai fi taku ashirin ba. Ya ji tsohon ya ce musu sannunku da rana, shanu kuke so, ga su nan. Ya ji ya ce su bari ya cire takalmi ya yi salla. "Da ma mai ɗakina ta ce kar in fito yau," in ji tsohon. "Ta yi mafarki an kawo mata takalmana babu ni." Ya cire su ya jera, bai kai ga ɗaga hannu ya yi kabbara ba suka harbe shi.

Rilwanu bai fito ba. Ko da babura suka tafi bai je kan gawar ba. Ya rarrafa ya koma titi, ya koma Batsari, ya zauna a kasuwa yana jiran a zo a faɗa masa abin da ya gani da idonsa.

Ranar Mahfuza ta yi kuka tare da shi, ta ce masa tsoro ba zunubi ba ne. Tun daga ranar ta ji ta ƙara sonsa fiye da da.

Wata biyar da suka wuce kuma, ita da su Malam Tayyib suna wata gona a bayan Kano ana ɗaukar fim. An zo wurin da za a kashe tsohon manomi. Dattijon da ke wasan ya yi ta cewa don Allah kar ku kashe ni, ina da iyali. Aka ɗauka sau shida, abin ya ƙi tashi. Malam Tayyib ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Malam," in ji Mahfuza, "tsohon ƙauye ba ya roƙo haka."

"To yaya yake yi?"

Ta faɗa masa. Sannunku da rana, da takalman, da mafarkin, ba ta rage komai ba sai ɗan da ke kwance a cikin dawa. Da aka gama ɗauka, mai kyamara ya juya baya yana share ido. Malam Tayyib ya ce a gaban kowa yau ɗalibarsa ta wuce shi. Daɗi ta ji, ba za ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta ce a ranta ai an sake suna, an sake gari, Inna Mairo kuma ba ta kallon fim.

Da gari ya waye ranar Asabar ta ce za ta Batsari.

"Da ƙafarki? Gidan uwar saurayi?" in ji Gwaggo. "Ina kunyarki ta tafi?"

"Gwaggo, ko ki raka ni ko in tafi ni kaɗai."

Suka ɗauki shatar wata tsohuwar mota. Mahfuza ta sa niƙabi. Direban, wani dattijo mai suna Kamalu, ya dube ta ta madubi sau ɗaya, ya ja mota. Gyaɗa ce shanye a bakin hanya, dawa ta yi kai tana jiran yanka. Mahfuza ta kasa kallon dawar.

Gidan haya ne babba, iyalai huɗu a ciki, dukansu waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. A zaure suka yi kiciɓis da Rilwanu. Idanunsa sun yi ja, gemunsa ba gyara. Ya gaida Gwaggo, ta amsa da ƙyar ta wuce ciki.

"Me ya kawo ki?" ya ce da Mahfuza. "An ga shigowar motarku. Yanzu za a taru."

Ta ɗaga niƙabin. Hawaye sun riga sun jiƙa shi.

"Yaya Rilwanu, sau goma sha ɗaya na kira ka."

"Kin rantse mini, Mahfuza. A ƙofar gidanku kika rantse mini."

"Ban sa ka a ciki ba. Wallahi ban ambace ka ba."

"Kin sa ubana! Mutuwar ubana kika ɗauka kika kai kasuwa, ana kallo ana cin gyaɗa. Jiya wani ɗalibina ɗan aji biyar ya cire takalmansa a filin makaranta yana kwaikwayo, yara na dariya."

Ta durƙusa a gabansa, ta kama gefen rigarsa.

"Na yi laifi. Ban da abin cewa. Ka zage ni, ka mare ni in ka ga dama, amma kar ka bar ni a bakin mutanen nan. Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan nan. Na bar fim saboda kai. Ba ni da kowa sai Gwaggo, sai kai."

Ya daɗe yana kallon rufin zauren. Sai hawaye suka zubo masa shi ma.

"Tashi," ya ce. "Zan ce ni na ba ki labarin yadda aka tsinci gawar, sauran kuma ƙari ne irin naku na 'yan fim. Inna za ta yi fushi, za ta huce. Ina tare da ke. Ba mai taɓa ki ina raye."

Ta bi bayansa suka shiga.

Inna Mairo na zaune a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa, 'yar siririyar tsohuwa mai tsagar fuska. Matan gidan sun bar aikinsu sun jeru a bakin ƙofofinsu, wasu da goyo. Inna Mairo ta amsa gaisuwar Gwaggo tsaf, ta tambayi mutanen Safana, ta tambayi amfanin gona, ta sa aka kawo mata ruwa. Mahfuza ta durƙusa ta gaishe ta sau biyu. Tsohuwar ba ta amsa ba.

Ta ture faifan gyaɗar gefe, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin cinyarta ta kwance. Takalman roba ne guda biyu, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da zare. Ta jera su a kan tabarma.

Mahfuza ta fashe da kuka.

"Ɗiyata, ki bar kukan tukuna, ban fara ba," in ji Inna Mairo. "Na san wasa ne. Tsufa na yi, ban haukace ba. Na san ba ke kika kira kowa a bayan rumbu ba."

"Inna, ni ne," in ji Rilwanu da sauri. "Ni na ba ta labarin yadda aka samu takalman a jere. Sauran kuma..."

"Ba takalma nake tambaya ba. Takalma mutum goma sun gani. Mafarkin nake tambaya."

Rilwanu ya tsaya da baki buɗe.

"Mafarkin nan a ɗaki na faɗa masa bayan asuba, daga ni sai shi. Na ce Malam kar ka fita. Ya yi dariya ya ce mafarkin tsofaffi. Da ya fita bai tsaya da kowa ba, maƙwabta sun gan shi, ya kora shanunsa ya wuce. Ni kuma ban sake faɗa wa mahaluƙi ba, don kunyar na gani na bari ya tafi. Shekara huɗu ina riƙe da shi a cikina. Sai shekaranjiya na ji shi a bakin wani tsoho a cikin waya, kalma da kalma."

Har yaran da ke wasa a bakin rijiya suka tsaya.

"Wanda duk ya ji maganar nan, a gonar ya ji ta. Mutum iri biyu ne kuma za su kasance a gonar. Wanda ya harba, da wanda ya tsaya yana kallo."

Ta juya ta dubi ɗanta.

"Rilwanu, kai ka faɗa mata?"

Mahfuza ta ɗago kai. Yana tsaye a jikin ginshiƙin rumfar, gumi na bin wuyansa. Ya dubi matan da ke bakin ƙofofi. Ya dubi takalman. Ita kaɗai ce bai duba ba.

"Inna, ina Batsari ranar. Kin sani."

"Ban tambaye ka inda kake ba."

"Ban faɗa mata ba." Ya gyara tsayuwa. "Ni ma yanzu nake jin maganar mafarkin nan."

Wata mata ta ja salati. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"To ke," in ji Inna Mairo, "a bakin wa kika ji?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Mahfuza da tsira. Tana kan harshenta. Ta dubi Rilwanu, ta ga ya cusa hannunsa a aljihu. Ta ga yadda za a yi da shi in ta faɗa: malamin da ya bar gawar ubansa a rana ya tafi kasuwa ya zauna. Ba makarantar da zai sake tsayawa a gaban yara, ba sahun da zai shiga a masallaci ba a nuna shi ba. Kuma ita ta buɗe ƙofar nan, ba wani ba.

"Ba wanda ya faɗa mini, Inna," ta ce. "Ni na ƙaga shi da kaina. Dacewa aka yi."

Shekara tara tana sa mutane su yarda da abin da bai faru ba. Yau ko yaran bakin rijiya ba su yarda da ita ba.

"Dacewa!" in ji wata mai goyo. "Mijina ma dacewa aka yi aka san ranar da ya sayar da sa?"

"Hajiya Mairo, ki dubi Allah," in ji Gwaggo tana kuka. "Yarinyar nan ni na rene ta tun tana shekara huɗu. Ko kaza ba ta iya yankawa. Mahfuza, don girman Allah ki faɗi wanda ya gaya miki!"

Mahfuza ta sunkuyar da kai.

Inna Mairo ta naɗe takalman, ta miƙe. Ta kama wuyan hannun Mahfuza, riƙon ya fi ƙarfin jikinta, ta ja ta zuwa zaure. Ta ɗaga wa sauran hannu kar kowa ya biyo. Daga waje ana jin hayaniyar maza.

A cikin zauren ta tsaya, ta matso da bakinta kusa da kunnen Mahfuza.

"Ni na haife shi," ta ce a hankali. "Ranar da ya zo yana kuka wai daga kasuwa yake, ni na wanke masa wando. Ƙarangiya ce cike da ƙafafunsa, gwiwoyin duk jar ƙasar gonarmu. Ba a kwasar wannan a kasuwar Batsari. Na wanke na shanya, na yi shiru."

Mahfuza ta zare ido.

"Kin sani? Inna, kin sani kika..."

"Da shirun nan zan mutu, ke kika hana. Da mai shagon nan ya kunna mini, bakina ya suɓuce a gaban matan gida, na ce mafarkina ne. Kafin magariba maganar ta kai tasha. Yanzu gari na tambayar wa ke gonar, kuma sai an ba su mutum."

"Ki ce musu ƙarya kika yi. Ki ce kin taɓa faɗa wa wata."

"In rantse a kan ƙarya saboda ke? Ɗa ɗaya ya rage mini. Ko a ce shi ne matsoracin da ya bar ubansa, ko a ce ke ce infoma. Na zaɓa. Na ga kin rufa masa asiri, Allah ya gani. Amma ke kika kawo mu nan, ke za ki ɗauka."

"Inna, kashe ni za su yi."

"Kina da Kano. Shi ba shi da ko'ina."

Ta buɗe ƙofar.

Sun kai mutum talatin, samari da magidanta. Can gefe Armaya'u ne jingine da babur ɗinsa, ya ɗaga waya yana ɗauka. Gwaggo ta fito da gudu ta tsaya a gefen Mahfuza.

Inna Mairo ta ɗaga murya.

"Ni dai ban ce ita ce ba. Na tambaye ta inda ta ji maganar mijina ta ƙarshe, ta kasa faɗa mini. Ɗana kuwa ba shi ba ita daga yau."

Ta koma ciki. Suka ji ta sa sakata.

Motar na can bakin kwalbati, ba ta fi taku arba'in ba. Suka fara tafiya. Da farko zagi ne kawai. Wani ya yi kwaikwayon muryarta, "Ya fito, yana gonar bakin rafi," aka kwashe da wata dariya marar daɗi. Wani ya fizge niƙabin. Sai ta ji wani abu ya daki goshinta a saman gira, duniya ta yi fari, ɗumi ya gangaro mata cikin ido.

Gwaggo ta ware mayafinta ta lulluɓe ta, ta rungume kanta a ƙirji, tana tafiya tana ihu.

"Ku jefe ni! Ni na rene ta, ku fara da ni! Kai mai jar hula, na san uwarka, tare muka yi tallan fura a Zakka! Jefa in gani!"

Wasu suka ja baya. Dutse na biyu ya sami Gwaggo a kafaɗa, ba ta ko tsaya ba. Kamalu direba ya riga ya tada mota ya buɗe ƙofa. Ya tura su ciki, ya ja da ƙarfi, wani dutsen ya tsaga gilashin baya.

Sai da suka bar gari ya rage gudu. Ya miƙo tsumman goge gilashi, Gwaggo ta ƙi karɓa, ta yage gefen ɗankwalinta ta danne raunin. Tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, daga gira har gefen ido.

"Zai bar tabo," in ji Gwaggo. Sai ta fashe da sabon kuka. "Fuskar da kike ci da ita! Mahfuza, ni ba yarinya ba ce. Akwai wanda ya faɗa miki. Ki gaya mini ni kaɗai, ba zan kai shi ko'ina ba."

"Ba kowa, Gwaggo."

"Ko ni?"

"Ba kowa."

Gwaggo ta juya fuskarta ga taga.

Sun kusa Safana wayar Mahfuza ta yi ƙara. Da ido ɗaya ta ga sunan Rilwanu. Hannunta ya yi ta zamewa a kan gilashin saboda jini, sai a karo na uku ta samu ta ɗauka. Ta manna wayar a kunne, ta juya wa Gwaggo baya.

Kuka yake yi. Tana jin yadda yake toshe bakinsa kar a ji shi. Ita ma sai nata ya dawo. Ta jira ya ce ta yafe masa. Ta jira ya tambayi ko an ji mata ciwo, domin ta san ya ji ihun daga cikin gida. Ta riga ta shirya abin da za ta ce, cewa ba komai, ɗan ƙwarzane ne.

"Mahfuza," ya ce.

"Na'am, Yaya Rilwanu."

"Kin faɗa wa Gwaggo?"

Ta rufe idon da ya rage mata.

"A'a."

Ta ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

Ya kashe wayar.